Tsatsar Jirgin Isamu

Iya Kikuno ce ta fara ganewa, kuma da tafin ƙafa ta gane. Suna kan hanyar dawowa daga jana'iza a ƙauyen da ke ƙasanmu, tana zaune a baya cikin baƙaƙen kayan makoki. Takalmanta na cikin but tare da na sauran fasinjoji, don ba a shiga motar Isamu Onodera da takalmi. Ko limamin ɗakin ibada sai ya tuɓe.

"Isamu," ta ce, "iska na lasar mini ƙafa."

"Sanyin tsufa ne, Iya."

"Sanyin tsufa daga gwiwa yake farawa, na fi ka saninsa. Wannan daga ƙasa yake hurowa. Ga safata ma ta jiƙe."

Isamu ya dubi madubi, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ƙara wa hita wuta. Matarsa Teruko, da ke kujerarta ta gaba, ta juyo ta dube shi. Sannan ta mayar da ido kan hanya.

Motar nan farar salun ce, doguwa, mai faɗin baya. Sabuwa fil Isamu ya saye ta lokacin da 'yarsa Yukari ke sakandare, yanzu kuwa Yukari da kanta tana rina furfura. Mu a ƙauyenmu Okunai Jirgi muke ce wa motar, saboda yadda take rangaji in ta sha kwana. Kujerunta sanye suke da farin leshi wanda Teruko ke wankewa tana gogewa, a but akwai tsintsiyar gashin jimina ta kaɗe ƙura, direban kuma ba ya taɓa sitiyari sai da farar safar hannu. Baƙon da ya ga Isamu ya fito a haka sai ya zaci wani babban mutum zai ɗauko, alhali tsofaffi ne zai kwasa zuwa asibiti a duba musu hawan jini.

Ba don ƙawa kaɗai yake wannan bauta ba. Okunai a can ƙuryar kwari take, bas ya daina hawowa tuntuni, kanti ɗaya da muke da shi kuma ya rufe ranar da mai shi ya mutu. Wanda ba shi da mota a nan, ko man girki ya ƙare masa sai ya jira wani ya tausaya. Yukari, da ke aure a birnin Sendai, ta daɗe tana nacin iyayenta su rufe gida su koma wajenta, har ta ware musu ɗaki can sama a bene. Da ta ga uban ya kafe, sai ta ɗaure shi da alkawari a gaban uwarta. Wannan ce motarsa ta ƙarshe. Ranar da ta faɗi awon gwamnati, wanda ake yi wa kowace mota bayan shekara biyu, babu sayen wata. Zai mayar da lasisinsa, su tattara su taho birni.

"Ni da Jirgi? Sai dai ki gaji da jira," ya ce mata, har da buga ƙirji.

To, ga shi awo ya gabato, ga Iya Kikuno da jiƙaƙƙiyar safa.

Da ya sauke kowa a ƙofar gidansa, Teruko ta shige ciki, sai ya ja ƙofar gareji ya durƙusa a gefen kujerar baya. Ya danna kafet da babban yatsa. Kafet ya lotsa. Ya ƙara dannawa, sai ya ji wani abu ya ɓurme, ya zube ƙasa yana ƙas-ƙas. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ga jan gari a kan siminti, ga kuma rami wanda tafin hannu zai shige. Ya zauna daɓas a ƙasa da kayan makokinsa.

Tsatsa a motar Isamu. Abin da ciwo, don a duk kwarin nan babu wanda ya kai shi wa'azi a kan tsatsa. Da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka, motocin gwamnati suka fara watsa gishiri a babban titi don ya narkar da ita, Isamu ya daina bin titin ke nan. Ya gwammace ya zaga ta bayan gonaki, tafiyar da ke ninka lokaci, tsofaffi na baya suna ƙorafin fitsari. In ya zama dole ya tsallaka titin, to yana isowa gida zai shimfiɗa kwali ya kwanta rigingine cikin sanyi, ya wanke ƙarƙashin motar da ruwan ɗumi. Duk wanda motarsa ta yi ɗan jan tabo a bakin taya ya shiga uku da shi. Sai ya tsaya, hannu a baya, yana kaɗa kai.

"Gishiri ne wannan. Kun bar gishiri ya kwana a jikin ƙarfe. Mota ba ta tsufa, mai ita ne ke yin sakaci."

Mun sha wannan karatu har mun haddace. Abin da ba mu taɓa haɗawa ba, mu da shi duka, shi ne ɗayan gishirin.

Mu mutanen Okunai mun kai shekarun da babu sauran taron da ke haɗa mu sai jana'iza. A kowace jana'iza kuwa ana ba kowa ɗan ƙunshin gishirin tsarki, ka barbaɗa a ƙirji da kafaɗa da ƙafa kafin ka shiga gida, don kada mutuwa ta biyo ka ciki. Kowa haka yake yi, ya kakkaɓe, ya wuce. Isamu ne kaɗai ya zurfafa tunani. Ya ce ai motar ma ta je, ita ta ɗauko mu duka da abin da muka kwaso, ya za a tsarkake fasinja a bar abin hawa? A saman kafet kuwa ba zai zuba ba, don zai ɓata ado, kuma ranar shara a share shi. Sai ya riƙa ɗaga bakin kafet yana zazzaga gishirin a ƙasa, kan ƙarfe tsirara, inda zai zauna ya yi aikinsa ba mai damunsa. Shekara da shekaru yana haka. Mu kuwa, masu hankali, yabonsa muke yi. Wanda ƙunshinsa ya rage sai ya miƙa masa ya ce, "Ungo, ƙara wa Jirgi."

A kan Isamu gishiri iri biyu ne a duniya. Akwai na gwamnati, mugu, mai cin ƙarfe. Akwai na tsarki, wanda bai ma taɓa kiransa gishiri a ransa ba. Saboda haka da ya zauna a ƙasan gareji yana kallon ramin nan, hukumar tituna ya tsine wa. Ya tsine mata tun daga shugabanta har direban motar watsawa.

Da ya gama tsinuwa, ya miƙe neman abin toshewa. Ya gwada kwali, ya ga raini ne. Ya gwada murfin gwangwanin biskit, ya lanƙwashe. Can ya tuna da katakon da Teruko ke yanka kifi a kai, mai kauri, mai lafiya. Ya laɓaɓa kicin lokacin da take shanya a bayan gida, ya sunkuto shi a ƙarƙashin riga. Ya zura shi ta gefen kafet ba tare da ya ɗage kafet ɗin duka ba, don ba ya son ganin abin da ke ciki. Katako ya zauna daram. Ya taka, ya yi ɗan tsalle a zaune, bai motsa ba.

"Ka ga aikin injiniya," ya ce da kansa. "Tsoho da furfura, ɓarawon katako."

Da yamma Teruko ta shiga buɗe-buɗe a kicin.

"Baban Yukari, ka ga katakona?"

"Wane katako?"

"Nawa gare ni? Na kifi."

"Ni me zan yi da katakon kifi? Kin dai ajiye a wani wuri kin manta. Shekaru ne."

"Shekaru ne," ta maimaita. Ranar a kan faranti ta yanka kifin, wuƙa na ƙara ƙiii, kowace ƙara yana jinta a haƙoransa. Ya cinye shinkafarsa da miyar miso kansa a sunkuye.

Kafin ranar awo aka sake yin rasuwa, tsohon mai gyaran rufi na ƙetaren gada. Isamu ya kwashi mutanensa ya kai su. Iya Kikuno ta taka wurin da kyau, ta murza ƙafa, ta ce, "Yau kam babu iska. Sai dai motarka na ƙarnin kifi." Ya ce daga kogi ne. Da suka dawo, tsoro ya sa shi wani sabon lissafi: tunda masifa ta fara shiga motar, ashe tsarkin da yake yi bai isa ba. Ya bi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ya karɓe ragowar ƙunshinsu, ya ƙara da cikin tafi daga kicin, ya ɗaga kafet ya ɗura mata. Har tafa hannu ya yi irin na masu addu'a a ɗakin ibada, ya sunkuyar da kai a gaban bonet.

Mai gareji ɗaya ya rage mana a gindin kwari, Bunji, wanda suka yi firamare tare da Isamu, kuma tun lokacin ba su daina zagin juna ba. Shi ke duba motocinmu kafin ya kai su wurin awo a gari. Yana hango Jirgi ya cire hula ya rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sarkin masu tsabta. In tuɓe takalmi ne, ko daga nesa zan duba ta?"

"Ɗaga ta ka yi aikinka, tsohon banza."

Bunji ya ɗaga motar sama, ya shiga ƙarƙashi da fitila da 'yar guduma. Baƙin fentin ƙasan sai sheƙi yake, don ya sha wanka. Ya ƙwanƙwasa gaba, ƙarfe ya amsa. Ya matsa tsakiya ya ƙwanƙwasa, sai guduma ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa, jan gari ya zubo masa a fuska. Ya tofar, ya haska fitila baya, ya daɗe yana kallo.

"Isamu, zo ka gaya mini. Wane kamfani ne ke ƙera mota da katakon yanka kifi? Har ga sawun wuƙa."

"Na wucin gadi ne."

"Teruko ta sani?"

"Ka bar Teruko. Aikin gwamnati ne wannan, gishirinsu ne. Duk wankin da nake yi, sai da suka cuce ni."

Bunji ya ɓantari wani yanki ya juya shi a hannu. Gefen da ke kallon titi fenti ne lafiyayye. Gefen da ke kallon cikin mota ne ya ruɓe.

"Ni dai ban taɓa ganin gwamnati ta buɗe ƙofa ta shiga cikin mota ta watsa gishiri ba," ya ce. "Wannan daga ciki ta ci. Mu sauke ta."

Suka sauke ta, Bunji ya kwance ƙusoshin gefe, ya kama kafet ya yaye. Isamu ya ja da baya. Ƙasan motar duk ya yi ja ya kumbura yana ɓarewa, a kansa kuma ga wani farin abu ya daskare, jiƙe sharaf, wani wurin kaurinsa ya kai yatsa. Na kwanan nan ma yana nan a tsibe bai gama narkewa ba. Bunji ya dangwala ya kai baki.

"Kai, wannan miya ta ji gishiri."

"Ai wannan ba gishiri ba ne," in ji Isamu da sauri, "na tsarki ne."

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa. Ya tsaya baki buɗe. Bunji ya dube shi, ya dubi motar, sannan dariya ta kama shi har ya nemi tsohuwar taya ya zauna, yana riƙe da ciki yana tari. Isamu ya so ya yi fushi, ya nemi inda zai kama ya rasa. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne.

"Yi dariya, ka cancanta," ya ce. "Ni ne nan malamin tsatsa. Ina kwance cikin ƙanƙara ina wanke mata ciki da ruwan ɗumi, in tashi in buɗe ƙofa in ɗura mata guba da hannuna. Har godiya nake yi wa masu ƙaro mini. Da jaki aka ba motar nan da ta fi haka lafiya."

"Kar ka cinye wautar kai kaɗai, rage mini," in ji Bunji yana share ido. "Ranar jana'izar yayana ni na ba ka ƙunshi cike da aljihu. Kuma duk shekarun nan ina duba ta daga ƙasa ina cewa babu kamarta. Wa zai ce a ɗaga kafet ɗin mutumin da ke sa a tuɓe takalmi?"

Ya miƙe ya ci gaba da yaye kafet zuwa gaba. Wajen direba da sauƙi, ja ne kawai. Da ya zo kujerar gefen direba, dariyarsa ta ɗauke. Ya kama kujerar ya girgiza, ta yi gaba ta yi baya da ƙasan gaba ɗaya. Ya ja bel ɗin kujerar, wurin da aka ɗaure shi ya ɗago yana zubar da gari.

"Nan ya fi ko'ina lalacewa. Me ya sa?"

Isamu ya murza safar hannunsa.

"Nan Teruko ke zama," ya ce. "Ninki nake zuba mata."

Bunji bai yi tsokana a kan wannan ba. Ya ɗora butar shayi, ya zuba musu, suka sha a tsaye suna kallon motar.

"Walda fa?" in ji Isamu.

"Walda sai da ƙarfe mai rai. Me zan kama? Nan duk gari ne, in na sa wuta sai dai ramin ya ƙaru."

"To shi ke nan, na tafi Sendai. In zauna a bene ina kallon rufin mutane, in sauko da silifa in zubar da shara, a ce ga tsohon Yukari."

Bunji ya sosa ƙeya. Shi ma ba ya so, don in Jirgi ya tsaya, rabin tsofaffin Okunai sun tsaya, shi kuma ya rasa abokin zagi.

"Akwai abin da zan iya," ya ce a hankali. "In liƙa falle-fallen kwano daga ƙasa, in shafe da baƙin kwalta. Masu awo daga ƙasa suke dubawa, kamar yadda nake yi. Ga birki lafiya, ga fitilu, ga inji kamar agogo. Za ta iya wucewa. Amma ka ji ni da kyau, ado ne kawai. Kujerar nan ba abin da ke riƙe da ita. Ka taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ita da wanda ke kanta sai gilashi."

Da a ce Isamu mutumin kirki ne irin na labari, da nan take ya ce a'a. Bai ce ba. Ya ce a ransa ai shi bai taɓa taka birki da ƙarfi ba, tuƙinsa ma har gori ake yi masa. Ya ce zai mayar da Teruko baya, bayan direba, inda da sauran ƙarfe. Ya kawo wa kansa hujjoji masu kyau, ya karɓe su duka ba musu.

"Shafa kwaltar," ya ce.

Motar ta ci awo. Bunji ya dawo da ita da sabuwar takardar shaida manne a gilashin gaba, ya miƙa makulli ba tare da ya rusuna ba, ba kuma zagi. Isamu ya hau da ita gida cikin iskar bazara, dusar ƙanƙara ta janye ta koma kan duwatsu, ruwa na gudu a kwatocin gonaki. Ya ci nasara, shekara biyu cur a hannunsa. Ya yi ƙoƙarin yin fito, leɓensa ya ƙi.

Teruko na tsaye a ƙofar gida da jakarta. Ta ga takardar a gilashi, fuskarta ta washe, don ita ma ba son benen take yi ba. A gidan nan ta yi aure, a nan ta haihu, lambun bayan gida kuwa da hannunta ta tsince duwatsunsa.

"Madalla da Jirgi," ta ce. "To kai ni gari in sayo taki, na gyara kunyoyi tun jiya, wake nake so in shuka."

Ta tuɓe takalmi ta sa a but, ta kama ƙofar gaba.

"Yau ki zauna a baya mana, bayana," ya ce. "Ki huta, kamar matar manya."

"A baya? Ni baƙuwa ce? Tun ranar da ka sayo motar nan a nan nake zama. Baya juwa take sa ni, ka sani."

Kafin ya sake magana ta shige, ta zauna, ta ja bel ta ɗaura, ta ɗora jaka a cinya. Kujerar ta yi wata 'yar ƙara ƙiris. Ita ba ta kula ba. Shi kuwa ya ji ta har cikin hanjinsa.

Daga gidansu zuwa gada gangara ce. Isamu ya saki birki kaɗan, motar ta gangara, ya sake kamawa. Ya saki, ya kama. Idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a kan kujera. Ya tuna da motar kai saƙo da ke fitowa a guje daga kwanar ɗakin ibada. Ya tuna da barewar da ta taɓa tsallakowa gabansa a nan. Gumi ya jiƙa masa safar hannu. Tafiyar ta koma jan ciki, har Iya Kikuno, da ke gangarawa tana tura keken dogarawarta na tsofaffi, ta cim musu, ta wuce su, ta waiwayo.

"Isamu, gawa ka ɗauko ne?"

Ya taka birki a hankali, ya ja na hannu, ya kashe inji.

"Mene ne?" in ji Teruko.

"Sauka, Maman Yukari."

"A nan? Mai ne ya ƙare?"

"Ki sauka tukuna. A hankali, kar ki jingina."

Ta ga fuskarsa, ta kwance bel ta fita da safa a kan titi. Ya zagayo, ya ɗaga bakin kafet ya nuna mata. Ya gaya mata komai, gishiri da kwalta da abin da Bunji ya ce game da birki, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Ya ce ya san haka tun kafin ta shiga, ya bar ta ta shiga.

Ta sunkuya ta daɗe tana duban farin da ke ƙarƙashin kujerarta.

"Duk wannan ni ka zuba wa?"

"Ke na zuba wa."

"Ashe shi ya sa na ƙi lalacewa. Ka yi ta adana ni kamar kifi." Ta yi dariya kaɗan. "Katakona kuwa na san inda yake, tun ranar da Iya Kikuno ta ce tana jin ƙarni. Na yi shiru ne don ina so ta ci awon nan, kamar yadda kake so." Ta gyara riƙon jakarta. "Da ba ka faɗa ba, da na yi ta zama a kai. Ko yanzu ma in ka ce in koma, sai in koma. Ka tuƙa a hankali kawai."

Wannan ce maganar da ta fi komai yi masa ciwo, don ya san da gaske take. Ya buɗe but ya ɗauko mata takalmanta, ya durƙusa ya ajiye su a gabanta. Suka bar Jirgi a gefen hanya, suka hau gangaren da ƙafa, yana haki, tana jiransa.

A gida ya wuce kai tsaye wurin tarho, don ya san in ya zauna ya sha shayi zai samo sabuwar hujja. Yukari ta ɗauka.

"Baba, ya awon? In ce ko ta faɗi?"

"Ta ci."

"Kai, wannan mota. To shi ke nan, alkawari alkawari ne, ba zan ƙara magana ba sai bayan shekara biyu."

"Ki gyara ɗakin nan. Gobe zan sa Bunji ya kai ni in mayar da lasisi."



"Baba, ba ka ji abin da na ce ba? Ka ci. Ko wani abu ya faru? Mama lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. Motar ta ci awo, direban ne ya faɗi. In mun zo na ba ki labari ki yi dariya, kowa ya yi, saura ke. Ki dai ɓoye gishirin gidanki, ubanki ba abin yarda ba ne."

"Ban gane ba. Baba, ni fa ba na so in raba ku da gidan nan da ƙarfi. Ka tabbata?"

Ya buɗe baki zai amsa, idonsa ya faɗa ta taga. Teruko na bayan gida, tsaye a bakin kunyoyin da ta gyara, ta ɗebo irin wake a tafin hannu. Ta daɗe tana kallon ƙasar.

"Baba? Kana nan?"

"Ina nan," ya ce. "Na tabbata."

A waje Teruko ta mayar da irin cikin gwangwani, ta danna murfin ta rufe.